Ka fara tambayar mai gyara kafin mai sayarwa

Ɗan uwa, ka ce samunka ba yawa kuma kana son tattali, wai ka riƙa sayen mai araha ne ko ka daure ka sayi mai tsada da zai daɗe. To bari in ba ka nawa, don ni sai da na sha wuya kafin na gane.

Shekara kusan huɗu ina sayen takalmin zuwa aiki irin wanda aka liƙe tafinsa da gam, wallahi wata biyar zuwa shida sai ka ga bakinsa ya wage kamar yana min dariya, in kai wa mai gyara ya shafa gam ya ɗan ɗinke, bayan sati uku ya sake buɗewa ta wani gefen, in jefar in sayo wani ina ta murna wai na yi tattali. Rannan mai gyaran ya gaji da ni, ya kankare gefen da farce ya ce Malam wannan fa ba fata ba ce, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, in ta fara ɓarewa ba abin da zan iya maka. Sai ya jawo wani tsohon takalmi ya nuna min ɗinkin da ya zagaye tafin, ya ce wannan sau uku ina canza masa tafi kuma saman na nan daram. Na yi wata uku ina ajiye kuɗi na sayi irinsa, kuɗinsa ya ninka na wancan sau uku, amma yau shekara 6 yana ƙafata, sau biyu kawai na canza tafi. A shekara shidan nan da na sayi na gam wajen 12, kai ma ka lissafa. Araha ba ta ado da gaske, amma ni abin da ya fi ba ni haushi ba adon ba ne, araha ce ta riƙa cinye min kuɗi a ɓoye.

Sai dai kar ka ɗauka duk mai tsada mai kyau ne, wani sunan kamfani kawai kake biya da kwali mai sheƙi. Su kansu kamfanonin ba kullum suke son kaya ya daɗe ba. A 1924 manyan masu yin ƙwan fitila, irin su Osram da Philips, sun haɗa kai a Janiba suka ƙayyade ƙwai kar ya wuce awa 1,000, har tara suke cin wanda nasa ya zarce. Irin wannan ne ya sa Faransa ta mai da rage wa kaya kwana da gangan laifi a 2015, kuma a 2021 ta wajabta a manna wa waya da laftof da talabijin da injin wanki maki cikin 10 na sauƙin gyara. Ka ga su ma gyaran suka kalla, ba farashi ba.

Ni yanzu abin da nake dubawa kenan, noti aka ɗaure abin ko gam aka liƙe, ana samun kayan gyaransa ko in ya mutu shi kenan. Waya kuwa batir nake tambaya, don batirin lithium in ka yi masa caji sau ɗaruruwa sai ya fara raguwa komai tsadar wayar, to in ba a iya canza shi cikin sauƙi wayar ta tsufa kenan alhali sauran jikinta lafiya lau. Caja kuma kar ka kuskura ka yi mata rowa, na taɓa sayen wata mara nauyi kamar fanko, ta ƙona min wajen caji, gyaran ya fi kuɗin caja ta gaske.

Akwai inda nake sayen mai araha ban jin komai. Takalmin yara, ƙafar ce za ta wuce shi kafin ya tsufa. Kayan aikin da sau ɗaya zan taɓa a shekara, ko aro ya isa. In ban tabbata zan yi amfani da abu ba sai in fara da mai sauƙi, in na kashe shi da aiki to na san ya cancanci in sayi na ƙwarai.

Kuma don Allah kar ka ci bashi wai don inganci, ka lallaɓa tsohon ka riƙa cire wani abu duk wata. Ni yanzu haka katifa nake tara wa, wata na huɗu kenan, tsohuwar ta lotsa a tsakiya na juya ta ina kwana a ɗaya gefen.