Ku Tambaye Mu: Wasan Kiɗan Kammala Karatu a Kwalejin Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata tana aji uku a wata ƙaramar kwaleji a Amurka, irin waɗanda ake haɗa wa ɗalibi kimiyya da adabi da kiɗa. Ilimin sinadarai take karantawa, amma tana kaɗa gogen Turawa, kuma ta ce baɗi za ta yi wasan kammalawa a gaban jama'a. Ashe ana ba wanda ba kiɗa ya je karanta ba dama? Me ya kamata ta fara yi? *Daga wata uwa*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ana bayarwa, amma kowace kwaleji da tsarinta. Irin su Oberlin da ke jihar Ohio, wadda makarantar kiɗanta ta faro a 1865, sai an saurari ɗalibi an tantance shi kafin ya shiga sashen, kuma mai son haɗa digiri biyu shekara biyar yake yi. A yawancin sauran, ƙofar sashen kiɗa a buɗe take ga kowa, muddin malamin da ke koya masa ya amince.

Abu na farko shi ne zaure. Ta kama rana tun zangon karatun da ya gabata, domin a watan Afrilu kowane ɗan ajin ƙarshe zauren yake nema. Wasan yakan ɗauki kusan sa'a guda har da hutu. Mai fiyanon da zai raka ta kuwa, ta ba shi takardun kiɗan aƙalla makonni shida kafin ranar. Makonni uku ko huɗu kafin wasan malamai kan zauna su saurare ta, in ba su gamsu ba su ɗage ranar. Don haka ta ɗauki wannan zaman a matsayin ainihin wa'adinta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne kayan kiɗan kansa. Ɗalibi ya ga rana ta matso, ya ɗaura sabuwar tsirkiya ana gobe wasa. Sabuwar tsirkiya miƙewa take yi, sauti ya dinga zamewa ƙasa a tsakiyar kiɗa. Ta canza duka huɗun da saura mako guda ko kwana goma. Sai kuma bushewar iska: da hunturu na'urar ɗumama ɗaki kan busar da katako, 'yan turakun da ke riƙe tsirkiya su saki, wani lokaci ma jikin gogen ya tsage. Damshi kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ake so, kuma akwai ɗan abin jiƙa iska da ake sakawa a akwatin.

Ta nemi gwaji ko sau ɗaya a cikin zauren, da takalmin da za ta sa ranar. Zaure babu kowa amsa kuwwa yake yi, idan ya cika tufafin mutane su shanye sautin. Mai kiɗa ya ji kamar ba a jin sa, ya danne bakan da yake goga tsirkiya da shi da ƙarfi, kiɗan ya yi kaushi. Ta yarda da abin da malaminta ya ji daga kujerar baya.

Tambaya: An gayyace ni wasan ƙungiyar makaɗan kwalejinmu. Yaushe ake tafi? *Daga wani ɗalibi*

Amsa: Ɗan'uwa, duba takardar shirin. Dogon kiɗa yakan zo kashi uku ko huɗu, da ɗan shiru a tsakani, kuma ba a tafi a wannan shirun. Jira sai jagoran ya sauke hannuwansa ya juyo. Hayaniyar da za ka ji da farko kuwa ba wasan ba ne: mai busa obo, wata 'yar'uwar algaita, yake ba da sautin da makaɗa ke kira A, mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, kowa ya saita nasa a kai.