Alhaji, kafin ka fasa katangar nan ka fitar da shaguna

Wani bawan Allah ɗan kasuwar Singa ne ya turo min tambaya, ga yadda ya ce a taƙaice: "Ina da gida a bakin titin Zariya, gaba da Na'ibawa kaɗan, faɗinsa ƙafa 50 ta bakin titi, tsawo ƙafa 100, takardarsa C of O ce, wato takardar shaidar mallakar fili, ta gidan zama. Maƙwabtana dama da hagu duk sun fasa gaban gidajensu sun fitar da shaguna, babu wanda ya je ofishin kowa, kuma ga su nan suna cin haya lafiya lau. Ina da miliyan 18 a hannu, birkila ya ce za ta yi min shago 6, uku a ƙasa uku a sama, dillali kuma ya ce kowanne zai kama dubu 500 a shekara. In fara ne ko yaya?"

To Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tunaninka dai ba laifi, wajen nan yana tashi, tun da aka tayar da 'yan magani daga Sabon Gari aka mayar da su Dangwauro a 2024 zirga-zirgar wannan hanya ta ƙaru, ga 'Yan Lemo ga 'Yan Katako ga motocin Kaduna da Abuja dare da rana, duk mai gida a bakin wannan titin yana zaune ne a kan kuɗi. Amma ni shawarata kada ka sa bulo ko ɗaya tukuna. Takarda ce farko, kuma ko an gama takardar ma ba shago 6 zan ce ka fara da shi ba.

Bari in fara da maganar maƙwabta tunda ita ce ta fi ruɗar mutane. Cewa sun yi ba a taɓa su ba, wannan ba izini ba ne, ba a zo kansu ba ne kawai. Ɗauko C of O ɗin nan taka ka karanta ta a tsanake, ba shafin farko kaɗai ba, har sharuɗɗan da ke ciki. Za ka ga an rubuta abin da aka ba ka filin dominsa, wato gidan zama, yawanci na shekara 99. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, kai haƙƙin zama aka ba ka bisa sharaɗi, kuma sashe na 28 na dokar ya ba gwamna ikon soke wannan haƙƙi, ko don aikin al'umma ko don mai takarda ya saɓa sharaɗin da ke cikinta. Kaga kenan ranar da ka mayar da gaban gidan kasuwa ba tare da an canza manufar filin a takarda ba, da hannunka ka ba su hujja. Ba lallai su yi amfani da ita bana ba, ba lallai baɗi ba, amma tana nan a ajiye, kuma gwamnati ba ta mantuwa ranar da take neman kuɗin shiga ko take son faɗaɗa hanya.

Mu 'yan Kano ai ba sai an ba mu labarin rusau ba. Watan Yunin 2023 kowa ya gani, shagunan Filin Idi, gine-ginen tsohon Otal ɗin Daula, cikin dare katafila ta shiga, safiya ta yi mutane suna tsintar rodi. Na san wancan daban ne, filayen gwamnati ne aka yanka aka sayar, naka kuwa gidanka ne halak malak. Amma duba abu ɗaya: masu shagunan Filin Idi sun je Babbar Kotun Tarayya, ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Me ya ba su bakin magana a gaban alƙali? Takardun da ke hannunsu. Wanda ya yi gini ba izini ko ƙofar kotun ba zai iya tunkara da ƙwarin gwiwa ba, lauyan gwamnati tambaya ɗaya zai yi masa, ina amincewar hukuma, shi kenan magana ta ƙare.

Sannan titin Zariya na gwamnatin tarayya ne, wannan ma ka riƙe. Hanyar tarayya tana da haraminta, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare, wato ƙafa 150. Eh na sani, in aka ce za a bi wannan awon a cikin gari rabin gine-ginen bakin titi sun tafi, shi ya sa ake kawar da kai, amma kai da za ka zuba miliyoyi ya kamata ka san inda layin ya faɗa a filinka. Ka samo safiyo mai rajista ya auna maka, ba yaron da ke riƙe wa dillali igiya ba. Ka ɗaga kai kuma ka duba wayar wuta, in babban layi ya bi ta gaban gidan shi ma yana da tazarar da ba a gini a ƙarƙashinsa, bene kuma shi ya fi kusantar waya. Abin da mutane ke yi wanda ke ba ni haushi shi ne, mutum ya fasa katanga maimakon ya ja baya sai ya ƙara turo ginin gaba ya haye lambatu, ya cinye inda mai ƙafa zai bi, to irin waɗannan su ake fara shafa wa jan fenti.

Hanyar da ake bi ba wata ɓoyayya ba ce. Za ka rubuta takardar neman canjin manufar fili zuwa Ma'aikatar Ƙasa da Tsare-tsare, ka haɗa da kwafin C of O da shaidar ka biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara, in akwai bashin baya sai ka share shi tukuna don ba za su saurare ka da bashi ba. Masu tsara birni za su zo su ga wajen, su duba ko ya dace da kasuwanci, in an amince a yanka maka abin da za ka biya. Bayan nan sai zanen gini ya je KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, su buga masa hatimi. Abu biyu ne fa daban, canjin manufa daban izinin gini daban, mutane da yawa ɗaya suke samu su ɗauka sun gama. Tunda ba duka gidan za ka mayar kasuwa ba, iyali na ciki, ka nemi a rubuta maka gidan zama haɗe da kasuwanci. Kuma gwamnatin Kano ta fara sabunta takardun filaye tun ƙarshen 2024, in ba ka kai taka KANGIS ba, wato hukumar da ke adana bayanan filaye, sai ka haɗa tafiyar. Don Allah duk kuɗin da za ka biya ka biya ta banki ka karɓi rasit, za ka haɗu da masu cewa "Alhaji kawo in ƙarasa maka, ba sai ka wahala ba", wani zai ƙarasa ɗin da gaske, wani kuma zai kawo maka takarda mai kyan gani wadda ba ta cikin fayil ɗin kowa. Ka san kuma bayan an canza, kuɗin ƙasar da kake biya zai ƙaru, ƙaramar hukuma ma za ta fara aiko yaranta.

Yanzu mu zo lissafi, nan ne nake ganin an yi maka kwalliya. Dillali ya ce dubu 500 kowanne. Shagon sama bai taɓa kama kuɗin na ƙasa ba a irin wannan waje, mai sayen lemo ko katin waya ba zai hau bene ba, sama sai tela ko ofishin wani ko mai ajiye kaya. Mu ce na ƙasa uku a dubu 500, miliyan 1 da rabi kenan, na sama uku mu yi musu adalci mu ce dubu 300, dubu 900, jimla miliyan 2 da dubu 400. Cire watannin da shago zai zauna a rufe kafin a samu wani, cire wanda zai riƙe maka haya ya ce kasuwa ba ta tafiya, cire gyaran ƙofa da yoyon rufi da yashe sokawe da haraji, in ka tsira da miliyan 2 ka gode Allah. Miliyan 18 a kan miliyan 2 a shekara, shekara 9 kenan kafin uwar kuɗi ta dawo. Wannan ma in birkila ya yi gaskiya, kuma ba wai maƙaryaci ba ne, haka kiyasin gini yake, ba a sa kuɗin takarda a ciki ba, ba a sa mita da wayarin ba, ba a sa ƙofofin ƙarfe da cike gaban shago ba, siminti kuma ka tuna yadda ya yi tsalle ya haura dubu 10 a farkon 2024 mutane suka bar gini a linta. In aikin ya kai miliyan 22 ka koma shekara 11.

Wato kana neman kamar kashi 9 zuwa 11 cikin 100 a shekara. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya na 2025, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, kashi 19.75 ya bayar, ba ka yi rigima da ɗan haya ba, ba ka ga birkila ba. Kai kanka a Singa miliyan 18 in tana juyawa a shinkafa da taliya da man girki ka fi ni sanin abin da take kawowa. To me ya sa duk da haka ban ce ka fasa ba? Saboda haya tana bin tsadar rayuwa, ta bana ba ita ce ta shekara uku masu zuwa ba, kuma fili mai takardar kasuwanci a bakin babban titi darajarsa daban ce ranar da za a sayar ko za a kai banki jingina. Shago ajiya ce mai ɗan digo, ba sana'a ba ce. Shi ya sa tambayar da zan yi maka ita ce, miliyan 18 ɗin nan rara ce ko jarin kasuwa ne? In jari ne za ka zare, ka bar ta inda take. Kuma kada ka ci bashin banki mai ruwa don wannan aiki, ruwan da ake ɗorawa yanzu ya ninka abin da shagunan za su kawo, wannan ko ba a yi maganar haramci ba lissafin kansa bai fita.

Abin da zan yi in ni ne: shago 3 a ƙasa kawai, amma a sa injiniya ya tsara fandisho da ginshiƙai yadda za su ɗauki bene nan gaba, zanen da za a kai KNUPDA ma ya nuna benen tun yanzu don kar ka sake komawa layi. Ka ga yadda ukun suka yi shekara ɗaya ko biyu, hayarsu ta taimaka wajen ɗora na sama. Kuma ka ja ginin baya ka bar inda mota biyu ko uku za su tsaya. Mutane suna ganin wannan asarar fili ce, alhali a titi irin na Zariya inda mota ke gudu shi ne kasuwar gaba ɗaya, wanda bai samu wajen tsayawa ba wucewa zai yi, in ya tsaya a kan titi kuma 'yan KAROTA na jiransa. Yawan mota ba shi ne yawan ciniki ba. Ka ɗauki kujera ka zauna a ƙofar gidanka da safe, da azahar, da bayan la'asar, ka ƙirga masu tafiya a ƙafa da inda 'yan adaidaita ke sauke fasinja, ka lura ko ɓangarenka ne mutane ke bi in za su koma gida da yamma, don a lokacin ake sayayya, ka duba ina mahaɗar juyawa take tunda titin a rabe yake. Ka shiga shagunan maƙwabtan nan ka tambayi 'yan hayar da kansu nawa suke biya, kuma sau nawa shagon ya canza hannu. Amsarsu ta fi ta dillali, shi la'adarsa yake hange.

Sai maganar cikin gida, wadda ba ka tambaya ba amma Hajiya za ta tambaye ka. Ƙafa 50 ce gaba ɗaya, in ka cire shago uku abin da zai rage wa ƙofar gida kaɗan ne, ka tabbata iyali suna da mashigarsu daban wadda ba sai sun ratsa ta gaban majalisar samari ba. Banɗaki na 'yan shago daban a waje, in ba haka ba kullum ana sallama a tsakar gidanka da buta. Mitar KEDCO kowane shago da tasa, rigimar kuɗin wuta ta raba mutane da yawa da 'yan hayarsu. Kuma ka zaɓi wanda za ka ba wa, mai kemis, mai tireda, mai POS, mai kayan waya, waɗannan ba su da damuwa. Mai walda, mai injin markaɗe, mai cika gas, gidan kallon bal, ko sun ninka kuɗin ka ba su haƙuri, bango ɗaya ne tsakaninsu da ɗakin 'ya'yanka. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a faɗi sana'ar da za a yi a shagon, a faɗi cewa ba a sayar da shi ga wani ko a canza sana'a sai da saninka, shekara-shekara ake sabuntawa. Kar ka karɓi hayar shekara uku a dunƙule don tana da auki a ido, kuɗin zai ƙare a gini, kai kuma ka zauna kana kallon ana cin shagonka a tsohon farashi.

In gidan nan akwai hannun wani a ciki, gado ne ko na haɗaka da 'yan uwa, to wannan ma a warware shi a rubuce kafin a je ma'aikata, don sunan da ke kan C of O shi za su saurara. Ka turo min hoton shafin sharuɗɗan takardar da awon da safiyo ya fitar daga tsakiyar titi zuwa katangarka, sai mu ga shago nawa wajen zai ɗauka da gaske.