'Yar Ajin Ƙarshe Za Ta Bar Mini Ɗakinta Da Kayanta: In Tura Kuɗin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce da ta samu gurbin karatu a wata jami'a mai nisa da gida, kuma ban samu wuri a ɗakunan kwanan makaranta ba. A wani zauren WhatsApp na ɗalibai na haɗu da wata 'yar ajin ƙarshe da ta ce ta kammala, amma akwai sauran watanni 7 a hayar shekara da ta biya. Tana so ta bar mini ɗakin tare da katifa da tebur da fanka da ƙaramin firiji da kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, duka a kan kuɗi ɗaya dunƙule. Ta turo hotuna, ta ce in tura rabin kuɗin cikin kwana biyu saboda akwai masu nema, kuma ba sai mai gidan ya sani ba tunda an riga an biya shi. Shin in biya? Sannan me zan kiyaye ranar da ni ma zan sayar da nawa kayan?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata, Allah ya sanya albarka a karatun. Kada ki tura ko kaɗan daga kuɗin nan a yanzu. Ban ce yarinyar macuciya ce ba, domin mafi yawan ɗaliban da suke irin wannan tayi gaskiya suke faɗa, so kawai suke su mayar da wani abu daga kuɗin da suka kashe kafin su bar gari. Sai dai a cikin maganarta akwai abubuwa uku da ko mai gaskiya ce za su iya jawo miki asara: ba ki ga ɗakin da idonki ba, an haɗa haya da kaya a farashi ɗaya, kuma an ce a ɓoye wa mai gida. Na ƙarshen nan shi ya fi nauyi, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Ki fara fahimtar yanayin kasuwar da kika shiga. Garin da ya dogara da jami'a yana da kakarsa da raninsa, kuma jadawalin karatu ne yake tsara su. A ƙarshen shekarar karatu masu kammalawa sukan fito da kaya lokaci guda, kaya su yi yawa masu saye su yi kaɗan, farashi ya faɗi. Idan aka koma sabon zango kuma sai al'amarin ya juye, sababbin ɗalibai su cika gari suna neman ɗaki da katifa a mako guda, komai ya yi tsada. Saboda haka wa'adin kwana biyun da ta ba ki bai kamata ya firgita ki ba. Gaskiya ne ɗaki yana wuya a wannan lokaci, amma ita ma tana cikin matsi, domin ba za ta ɗauki firiji da katifa a ka ta tafi da su gida ba, kuma kowane makon da ya wuce yana rage darajar watannin da take son sayarwa.

Akwai wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, wanda a shekarar 1970 ya yi bayanin abin da yake faruwa a kasuwar motocin hannu, inda mai sayarwa ya san aibin motarsa amma mai saye bai sani ba. Ya nuna cewa idan mai saye ba zai iya bambance mai kyau da marar kyau ba, zai taya duka da matsakaicin farashi, sai masu kaya nagari su janye, kasuwa ta cika da masu aibi. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Abin da yake rage wannan matsala a kasuwa ta yau da kullum shi ne ɗan kasuwa yana zaune wuri ɗaya, yana tsoron ɓata sunansa, kuma idan kaya suka lalace za a dawo masa da su. Ɗalibin da ya kammala ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Nan da makonni kaɗan ya yi nisa, wataƙila ma ya sauya lambar waya. Don haka duk binciken da za ki yi dole ne ya gabaci biya, domin bayan biya babu wanda za ki koma wurinsa.

Mu zo ga ɗakin. Ɗan haya ba mamallaki ba ne, kuma ba ya iya ba wani abin da ya wuce wanda shi aka ba shi. Yarjejeniyar da ke akwai tsakaninta ce da mai gida, sunanki ba ya ciki. Hanyoyi biyu ne ɗan haya yake iya sanya wani a madadinsa. Ta farko ita ce ya miƙa hayar gaba ɗaya da yardar mai gida, sabon shiga ya zama shi ne ɗan haya har zuwa ƙarshen wa'adi. Ta biyu ita ce haya a cikin haya, inda na farkon yake nan a matsayin ɗan hayar mai gida, ke kuma ki zama 'yar hayarsa shi. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma yarjejeniyoyin haya da yawa suna ɗauke da sharaɗin cewa ba a yin ko ɗaya daga cikin biyun sai da izinin mai gida, sau da yawa a rubuce. Idan akwai wannan sharaɗi a takardarta kuma aka saɓa masa, ita ce ta karya yarjejeniya, amma ke ce za a tarar a cikin ɗakin, kuma ke ce za ki nemi wurin kwana a tsakiyar zango, wataƙila ana dab da jarrabawa. Maganar cewa an riga an biya shi ba hujja ba ce, domin mai gida yana da haƙƙin sanin wanda yake zaune a gidansa ko da kuɗinsa sun shiga aljihu.

A ganina hanya ta farko ta fi miki alheri nesa ba kusa ba, tunda wadda za ta tsaya tsakaninki da mai gida a hanya ta biyu tana shirin barin gari. Ki nemi ta nuna miki yarjejeniyarta da rasit ɗin biyan haya, ki duba sunan da ke kansu da ranar da wa'adi zai cika, sannan ku je wurin mai gidan ko wakilinsa ku uku. Idan ya yarda, a rubuta sunanki, a rubuta ranar da hayar za ta ƙare, kuma ki tambaye shi tun yanzu ko zai sabunta miki bayan watanni 7 da kuma a kan wane sharaɗi, domin ɗakin da za ki bari kafin shekarar karatu ta ƙare rabin mafita ne kawai. Idan kuwa ta ƙi a je wurinsa bayan kin nuna mata dalili, to ta ba ki amsar tambayarki da kanta. Af, idan wata rana aka yi miki tayin gado a ɗakin kwanan jami'a, ki sani jami'o'i da yawa sun haramta sayar da gurbin gado, kuma hukuncin yakan shafi mai saye da mai sayarwa.

Lissafin kuɗin ɗakin ba shi da wuya idan aka ware shi daga na kaya. Ki raba hayar shekarar da ke kan rasit gida 12, ki ɗauki adadin watannin da suka rage daga ranar da za ki karɓi makulli, ba daga ranar da kuka fara magana ba. La'adar dillali da ta biya lokacin da ta shiga ba nauyinki ba ce. Abin da ɗalibai suka fi mantawa shi ne kuɗin ajiya da wasu masu gida suke riƙewa saboda ɓarna, da kuma bashin wuta da ruwa. Kuɗin ajiyar da sunanta suke, saboda haka a fayyace gaban mai gida: ko dai ya duba ɗakin ya mayar mata da nata ke ki ajiye naki, ko kuma ki biya ta a rubuta cewa ajiyar ta koma sunanki. Ranar da za ki shiga ki ɗauki hoton bango da ƙofa da taga da famfo da lambar da ke kan mita, ki tura wa mai gidan a ranar, don kada a ɗora miki tsagewar da kika tarar. Idan akwai abokiyar zama a ɗakin ko a gidan, ki gana da ita ki ji yadda suke raba kuɗin wuta.

Hotuna ba sa maye gurbin gani, kuma magabata sun hana cinikin biri a sama. Sanannen salo ne na 'yan damfara su ɗauko hoton ɗakin wani su tallata shi ga sababbin ɗalibai da ke nesa, su karɓi kafin alƙalami daga mutane da yawa a kan ɗaki ɗaya. Idan ba za ki iya zuwa ba, ki aiki wanda ke kika zaɓa, ba wanda ita ta ba ki lambarsa ba, ya shiga ɗakin, ya ga makulli a hannunta, ya gaisa da maƙwabta. Idan lokacin biya ya yi, ki tura ta banki zuwa asusun da sunansa ya dace da sunan da ke kan yarjejeniya, ki rubuta dalilin biyan. Ki tuna cewa kuɗin da mutum ya tura da hannunsa da yardarsa suna da wuyar dawowa.

Kayan kuwa a yi cinikin kowanne daban, domin farashi dunƙule yakan ɓoye abin da ba kya buƙata ko wanda bai kai ba. Tebur da fanka ba su da wani sirri. Katifa ki ɗaga ta ki duba bakin ɗinkinta, idan kika ga ƙananan ɗigo baƙaƙe alamar kuɗin cizo ce, kuma araharta ba za ta biya wahalar raba ɗaki da su ba. Firiji a kunna shi a gabanki ki jira ya yi sanyi. Kwamfutar ita ta fi buƙatar natsuwa. Ki nemi rasit ɗin sayenta, ki gwada lambar da ke kansa da wadda ke jikin na'urar, domin a dokokin ƙasashe da yawa mai kayan da aka sace yana iya karɓe abinsa daga hannun wanda ya saya, bayan tambayoyin da mai sayen zai sha. Ki cire ta daga caji ki yi aiki da ita kamar rabin sa'a ki ga yadda batirin yake sauka, tunda batir yana tsufa da yawan caji ko da jikin na'urar yana ƙyalli. Sannan ta cire asusunta a gabanki, domin na'urorin Apple da wayoyin Android suna da kullen da yake neman kalmar sirrin mai su na farko ko bayan an goge komai. Idan waya ce za ki saya nan gaba, ki danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 za ta fito, ki gwada ta da wadda ke kan kwali.

Duk abin da kuka daidaita a kai ki sa shi a takarda ɗaya: kayan da aka sayar ɗaya bayan ɗaya, aibin da aka bayyana, kuɗin da aka biya, ranar miƙa makulli, da sa hannunku da na shaidu biyu. Ɗalibai sukan ji nauyin neman rubutu daga 'yar'uwarsu ɗaliba, suna ganin kamar rashin yarda ne. Amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma da muminai take magana.

Ranar da ke za ki sayar, ki fara da wuri, makonni kafin jarrabawar ƙarshe, tun kasuwa ba ta cika ba. Kina iya karɓar wani abu daga kuɗin ki bar kayan a hannunki zuwa ranar da kuka ajiye. Ki faɗi aibin kayanki da bakinki, domin ban da kasancewarsa wajibi, yana sa mai saye ya amince da sauran maganarki. Kada ki saki kaya saboda an nuna miki hoton rasit ko saƙon shigar kuɗi, tunda ana ƙirƙirar na bogi. Ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun zauna. Wanda ya ce ya tura fiye da farashi bisa kuskure yana so ki mayar masa da rarar, ki jira har bankinki ya tabbatar. Kada ki ba da bashi ga wanda ba za ki sake gani ba, kuma ki goge bayananki daga waya ko kwamfuta kafin ta bar hannunki. Littattafai ki duba ko an sauya bugun da ake koyarwa da shi, domin tsohon bugu yakan rasa kasuwa da zarar malami ya koma sabo. Idan baƙo ne zai saya, ku haɗu da rana a wurin da jama'a suke cikin makaranta, tare da ƙawarki.

Game da ɗakinki kuma, ki karanta sharaɗin miƙa haya tun ranar da za ki sa hannu, ki roƙi mai gida ya rubuta cewa zai amince da wadda za ki kawo idan ya gamsu da ita. A lokacin da yake neman ki shiga ne ya fi sauƙin yarda da wannan.