Amsa ga Alhajin da ɗansa ke son zuwa zamiyar ƙanƙara a Turkiyya

Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na ga tambayarku tun daren jiya, cewa yaronku da ke karatu a Kayseri ya kira yana neman izini da ɗan guzuri, zai bi abokansa dutsen Erciyes wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ku kuma hankalinku bai kwanta ba. A garin na yi karatu kafin in dawo Bauchi, na kuma sha hawa dutsen, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Ni dai a ganina ku bar shi ya je, amma da sharaɗi. Dutsen ba shi da nisa, kilomita kusan 25 ne daga cikin gari. Tsawonsa mita 3,917, sai dai ba ƙololuwa ake zuwa ba. Masu koyo galibi a ƙofar Tekir suke farawa, wajen mita 2,200, inda gangaren ke da faɗi da sauƙi. Yara 'yan shekara biyar ma suna yi a nan.

Sharaɗin shi ne kuɗin da za ku tura, a cire na malamin koyarwa tukuna. Abokai ba sa koyarwa. Wanda ya iya, in ya tsaya da kai awa guda kana faɗuwa kana tashi, gajiya yake yi, sai ka ji ya ce "taho mu hau sama, ai ba komai". Yaro kuma ba ya son a ce ya ji tsoro, sai ya bi. Haka ake tsintar wanda bai iya tsayawa ba a saman gangaren da ya fi ƙarfinsa, kuma babu hanyar dawowa sai ta ƙasa. An yi wa hanyoyin alama da launi: kore da shuɗi na masu koyo, ja na wanda ƙafarsa ta zauna, baƙi na gwanaye. Har sai ya iya haɗa bakin dogayen allunan zamiya biyu da ake ɗaurawa a ƙafa ya buɗe bayansu ya tsaya cak inda ya ga dama, ya kuma iya juyawa dama da hagu, ba shi da abin nema a kan ja.

Hukumar wasan ta duniya, FIS, tana da ƙa'idoji goma tun 1967, ana liƙa su a wuraren zamiya da yawa. In bai riƙe komai ba a ciki, ya riƙe wannan: wanda ke gabanka, wato ƙasa da kai a gangaren, shi ke da hanya. Ba ya ganinka, kai ke ganinsa. Zai iya karkacewa ba zato, zai iya faɗuwa, zai iya tsayawa, duk haƙƙinsa ne, kai da ke tahowa daga sama kai za ka bar masa fili. Direbobin hanyar Gombe sun san wannan, wanda ya daki mota ta baya shi ake kamawa da laifi. Abin yana kaiwa har kotu. A 2023 an yi shari'ar 'yar fim Gwyneth Paltrow a jihar Utah ta Amurka kan karon da suka yi da wani dattijo, kuma babban abin da aka yi ta jayayya a kai shi ne wane ne ke sama, wane ne ke ƙasa lokacin da suka haɗu. Saboda haka gudu ba a auna shi da ƙarfin zuciya. Iyakarsa shi ne inda mutum zai iya tsayawa in yaro ƙarami ya faɗi a gabansa. In hazo ya sauko ko mutane sun cika, a ƙara ragewa.

Inda 'yan'uwanmu suka fi ba ni tsoro kuwa wajen tsayawa ne, saboda hoto. Na ga samari sun zauna dirshan a tsakiyar hanya, daidai bayan wani ɗan tudu, ɗaya ya cire safar hannu da haƙori yana ɗaga waya, sauran suna ɗaga yatsu. Wanda ke tahowa daga sama ba ya hango su sai ya hau kan tudun, a lokacin kuma tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. A ranar, Allah ne ya tsare, mai tahowar gwani ne, ya kauce ya watsa musu ƙanƙara a fuska, ya wuce yana faɗa da Turkanci. Hoto ba laifi ba ne, amma a gefen hanya, inda ake hango mutum daga nesa. In ya faɗi a matsatsi ya yi maza ya janye jikinsa gefe. Kafin ya sake tashi kuma ya ɗaga kai ya duba sama tukuna.

A shagon hayar kaya za su tambaye shi nauyinsa, tsawonsa, da yadda ya iya. Ba surutu ba ne. Da wannan mai shagon ke ɗaukar sukudireba ya murɗa maƙalar da ke riƙe takalmi a jikin allo, don in an faɗi ta saki ƙafa. Wanda ya cika baki ya ce shi gwani ne, sai a ɗaure masa da ƙarfi, ya faɗi allon ya ƙi fita, ƙafa ta murɗe, jijiyar gwiwa ta tsinke. Rauni ne da kan kai mutum ga tiyata da watanni yana ɗingishi. Ya faɗi gaskiya, ya ce yau ya fara.

Hular kwano kuwa babu ciniki a kanta, ko da abokansa ba su sa ba. Natasha Richardson, 'yar fim ta Ingila, a gangaren masu koyo ta faɗi a Kanada a 2009, tana tare da malami, babu hula. Ta tashi tana magana lafiya lau, ta ce ba ta buƙatar likita, ashe jini na taruwa a cikin kai. Bayan kwana biyu ta rasu. Don haka duk wanda ya bugu a kai, ko yana dariya, a kai shi a duba, balle in ciwon kai ko amai ko jiri ya biyo baya. Hular ma tana da iyakarta. Michael Schumacher na tseren mota yana sanye da ita a Faransa a Disamban 2013, ya ɗan fita daga hanyar da aka gyara, kansa ya daki dutsen da dusa ta rufe, tun daga nan bai koma yadda yake ba. Igiya da tutocin da ke gefen hanya ba ado ba ne. Bayansu akwai duwatsu, ramuka, da gangaren da ƙanƙara kan zaftaro, wanda ta binne kuma in an wuce kamar minti 15 ba a tono shi ba, damar tsira na raguwa sosai.

Sauran ƙanana ne. Rigar sanyin da kuka saya masa a kasuwar Wunti ba za ta yi ba, ya yi hayar wadda ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu mai kauri. Kada ya ce baƙar fata ba ta jin rana, ƙanƙara na mayar da hasken cikin ido har mutum ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi, ya sa tabarau. Ya yi alwala tun daga ɗaki, domin cire takalmin nan aiki ne, jiƙa hannu a wannan iskar kuma ba dabara ba ce. Waya a aljihun ciki, sanyi na shanye batir.

In ya ga wani ya ji ciwo, ƙa'ida ce ya tsaya. A kafa alluna biyu a gicciye sama da mutumin don masu tahowa su gani, a rufa masa riga, kada a ɗaga shi, kada a cire masa hula in ana zargin wuya ko baya, a kira 112, lambar agajin gaggawa, ko a faɗa wa ma'aikatan na'urar da ke kai mutane saman dutsen. In shi ne ya yi karo da wani, kada tsoron zama baƙo ya sa ya gudu, ya tsaya ya ba da sunansa. A Italiya ma tun 2022 sai da inshorar biyan diyyar wanda ka bige ake barin mutum ya hau. Ku sa ya tambaya ko inshorar lafiyarsa ta ɗalibi ta ƙunshi raunin wasa irin wannan, kafin ranar tafiya.

Ku kuma ce masa in la'asar ta yi, cinyoyi sun fara rawa, abokai suka ce a ƙara zagaye ɗaya na ƙarshe, shi ya mayar da kayan haya ya je ya sha shayi ya jira su. A lokacin rana ta karkata, dusar da ta narke da rana ta fara daskarewa ta yi santsi, kowa kuma ya gaji yana saurin sauka. Allah ya tsare, ya dawo muku da shi lafiya.