Tambaya da Amsa: Magani, Zazzaɓi da Rauni a Ɗakin Jinyar Makaranta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara takwas tana da asma, kuma na saba saka mata abin shaƙarta da farasitamol a cikin jaka. Nas ɗin makarantarsu ta karɓe duka biyun, ta ce sai na cika takarda likita ya sa hannu. Shin wannan ba tsaurarawa ba ce, alhali ni na haife ta? Daga wata mahaifiya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba yarinya lafiya. A kan farasitamol, nas tana da gaskiya. Ana auna wa yaro wannan magani ne gwargwadon nauyinsa da shekarunsa, kuma dole a bar tazarar awa 4 zuwa 6 tsakanin sha da sha, saboda idan ya yi yawa a jiki yana lahanta hanta, sau da yawa ba tare da wata alama ta bayyana a ranar farko ba. Idan kin ba ta da safe, ita kuma ta ƙara daga jakarta, sannan nas ta ba ta nata a rashin sani, an tara mata abin da ya wuce ƙima ke nan. Ga kuma halin yara na kyauta da abin hannunsu, domin ba abin mamaki ba ne ta miƙa wa ƙawarta mai ciwon kai. Wannan ne dalilin da ya sa makarantu ke neman a kawo magani a cikin kwalinsa na asali, ɗauke da sunan yaro da adadin da zai sha da lokacin sha, tare da izinin iyaye a rubuce, sannan a riƙa rubuta duk abin da aka ba shi a littafi. Asfirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita, saboda alaƙarsa da ciwon Reye mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Abin shaƙar asma hukuncinsa daban ne, kuma a nan ina bayanki. Maganin gaggawa ne, amfaninsa yana cikin kusancinsa, don haka bai kamata a kulle shi a durowar da makullinta ke hannun mutum ɗaya ba. A Amurka duk jihohi 50 suna da dokar da ta ba ɗalibi damar riƙe nasa idan iyaye da likita sun amince, a Ingila kuma tun Oktoban 2014 aka yarje wa makarantu su ajiye na ko-ta-kwana. Ki cika takardar ba tare da ɓata lokaci ba, amma ki nemi likita ya rubuta a ciki ko yarinyar ta iya amfani da shi da kanta. Idan ta iya, ta riƙe abinta; idan ba ta iya ba, a ajiye shi a inda malamin ajinsu zai kai hannu nan take, har da lokacin wasanni da fita ziyara.

TAMBAYA: An dawo mini da ɗana gida saboda zazzaɓi, washegari na ba shi magani jikinsa ya yi sanyi na mayar da shi, sai aka sake dawo da shi. Yaushe ne ya dace ya koma? Daga wani mahaifi.

AMSA: Malam, sanyin jikin da magani ya kawo ba warkewa ba ne. Ana ɗaukar zafin jiki da ya kai digiri 38 a ma'aunin Selshiyas a matsayin zazzaɓi, kuma ƙa'idar da makarantu da yawa ke bi ita ce yaro ya yi awa 24 babu zazzaɓi kuma bai sha maganin saukar da shi ba. Idan amai ne ko gudawa, hukumar lafiya ta Birtaniya ta ce a jira awa 48 bayan na ƙarshe. Mai ƙyanda yakan zauna a gida kwana 4 daga fitowar ƙuraje, mai ƙarambau kuma sai duk ƙurajen sun bushe. A tuna cewa a cikin ajin ana iya samun mai sikila, wanda zazzaɓi a gare shi lamari ne na garzayawa asibiti.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce. Idan yaro ya faɗi ya bugi kansa amma ya tashi yana wasa, dole ne a kira iyayensa?

AMSA: Dole ne, Malama, ko da kuwa babu jini ko kumburi, domin alamomin buguwar ƙwaƙwalwa kan iya jinkirin bayyana har sai yaro ya koma gida, kuma iyayen da ba a gaya musu ba, za su ɗauki barcinsa a matsayin gajiya. Ki rubuta lokacin da abin ya faru da yadda ya faru da abin da aka yi masa, kuma idan ana zargin buguwar ta taɓa ƙwaƙwalwa kada ya koma filin wasa a wannan rana, sai likita ya duba shi. Idan ya suma, ko ya yi ta amai, ko barci ya rinjaye shi har ana wahalar tashinsa, ko maganarsa ta sarƙe, ko jikinsa ya kama jijjiga, a fara neman agajin gaggawa, wani kuma ya kira iyaye a lokaci guda. Idan ana zargin wuyansa ko gadon bayansa ya taɓu, kada a ɗaga shi daga inda ya faɗi har sai ma'aikatan lafiya sun iso.