Me ya sa 'ya'yan shahon kifi ke mutuwa a sheƙa a bakin teku?

Malam, ka tambaya ko maganin ƙwari na DDT ne ya dawo yake kashe 'ya'yan shahon kifi a wuraren da kogi ke haɗuwa da teku. A'a gaskiya. DDT ƙwai yake lalatawa, ɓawon ya yi siriri har uwa ta hau kwanci ya fashe a ƙarƙashinta, kuma tun da Amurka ta hana shi a 1972 tsuntsun ya farfaɗo sosai. Yanzu kam ƙwan lafiya lau yake ƙyanƙyashewa, matsalar yunwa ce.

Dubi mashigin Chesapeake a Amurka, musamman ɓangaren ruwan gishiri wajen Virginia. Can abincinsu kifin menhaden ne, mai maiƙo sosai, shi ne kuma jiragen kamfani ke kwasa da manyan taru a yi man kifi da garin kifi, to in uba ya yini yana shawagi ya dawo da ɗan kifi ɗaya ai an shiga uku, don ƙwai uku ɗin ba rana ɗaya suke fashewa ba, babban ya riga ya yi ƙarfi, sai ya dinga caccakar ƙaramin a ka yana ture shi gefe har ya daina ɗaga baki ma. Abin tausayi wallahi.

Masu bincike sun gwada zuba wa wasu sheƙuna menhaden, 'ya'yansu suka fi rayuwa. Na saman kogi wajen ruwan daɗi kuma, masu cin tarwaɗa, sun fi samun sauƙi. Masu kamun kifin suna musu, wai ba laifinsu ba ne, amma ni dai gwajin nan ya gamsar da ni.