Addu'ar tunawa da Fada tare da sauran waɗanda aka kashe

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace a haɗa addu'ar tunawa da Fadanku, wato limamin cocinku na Katolika, da ta sauran waɗanda suka rasu a harin, ko a ware masa tasa ranar. Ku haɗa su. Tare suka tafi, kuma makiyayi ba ya son a raba shi da tumakinsa. A kira sunan kowa da babbar murya a lokacin Mas, wato babbar sujadar Katolika, har da na ƙananan yara, a kunna wa kowane suna kyandir, a bar iyalinsa su kai shi gaban bagade.

Sharaɗi ɗaya dai: kada son da kuke masa ya sa ku buga masa "shahidi" a takardar taro. A Cocin Katolika sai an shekara 5 da rasuwa ake buɗe binciken ayyana mutum shahidi, kuma sai an tabbatar ƙiyayyar da makasan ke yi wa bangaskiya ce ta sa aka kashe shi. Fada Jacques Hamel da aka kashe a cikin coci a Faransa a 2016 ma, Paparoma Francis ne da kansa ya ɗauke wannan jiran. Na sha ganin wa'azi ya ƙare a kan Fada kaɗai, matan da suka rasa mazajensu suna zaune a baya babu mai ambatonsu. Ku tuntuɓi bishop ɗinku kafin ku tsayar da rana.